Hannun Tela

Ƙanwata Auta da haƙoranta ta faɗi jarrabawa, kuma ba zolaya nake yi ba. A ƙarshen shekararta ta farko a makarantar koyon aikin jinya ta cinye duk takardun rubutu, har da wadda ake haddace sunayen ƙasusuwan mutum, sai aka zo jarrabawar aiki da hannu. Aka shigar da ita ɗaki, ga gado, ga mutum-mutumin roba kwance da ciwo a ƙwauri, aka ce ta wanke ciwon ta ɗaure cikin minti goma sha biyar. Ta wanke hannu, ta sa takunkumi, ta zura safar hannu, ta yi komai tsaf. Da aka zo manna filasta sai ta ja shi daidai tsawon da take so, ta sauke takunkumin da ɗan yatsa, ta kai baki ta gutsure. Almakashi kuwa yana kwance a tire, ko taɓa shi ba ta yi ba.

Malamar da ke kallo, wadda ɗalibai ke kira Mai Agogo saboda ba ta rabuwa da agogo a tafin hannu, ta ce, "Tsaya. Me kika yi yanzu?"

"Na yanka filasta, Malama."

"Da me?"

Auta ta ce wallahi sai da ta ji ɗanƙon filastan a leɓenta sannan ta san amsar.

Dokar makarantar ba ta da kwana-kwana. Wanda ya faɗi wannan jarrabawa ana ba shi dama ɗaya tak, bayan sati uku, kafin a buɗe sabuwar shekara. In ya ci, ya shiga aji biyu, inda ake fara tura ɗalibai ɗakunan marasa lafiya su taɓa mutane masu rai. In ya sake faɗuwa, ya tattara littattafansa ya kama gabansa.

Daga makarantar ba ta wuce gidan mijinta ba, shagona ta zo. Ta tsaya a kaina ina kan keken ɗinki, ta ce, "Yaya, ke kika jawo mini."

Na so in yi musu, amma gaskiyarta ce. Na girme ta da shekara goma sha biyu, kuma tana 'yar sha biyar na kawo ta shagon nan, bayan rasuwar Baba. Ranar farko na gaya mata tela hannu uku gare shi, na ukun shi ne baki. Fil a leɓe ake jera shi, zare da haƙori ake tsinke shi, ƙurar alli hure ta ake yi, allura in ta faɗi ƙasa ba a ɗaga ƙafa sai an tsince ta. Almakashi kuma kafin ya taɓa yadin mutane sai an goge shi a cinya, gaba da baya, don kada maiƙo ya ɓata kaya. In ta manta, sandar awo ce ke tuna mata, a bayan hannu. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na tanƙwara nawa da kyau. Shekara goma sha takwas muka yi kekenta yana kallon nawa, har ta fi ni iya wuyan riga, ko da yake ban taɓa faɗa mata ba.

Ciwon ƙafar Inna ne ya raba mu. Wata biyu aka kwantar da ita a asibiti, Auta ce mai jinya. Kullum in nas ta zo wanke ciwon sai Auta ta tsaya ta ƙura ido kamar yadda take kallon sabon samfurin riga. Wata tsohuwar nas ta ga yadda ta naɗe bandejin da ya kwance, ta riƙe hannunta ta juya shi, ta ce, "Wannan hannun ya fi ƙarfin ƙyalle." Shi ke nan, magana ɗaya ta wargaza mini shago. Sau uku Auta ta zauna jarrabawar shiga kafin su ɗauke ta, tana da shekara talatin da uku. Mijinta, wani mai gyaran firji wanda ba ya ganin laifinta ko da ta taka masa ƙafa, ya ce ai gemu ba ya hana ilimi. Na ce ita ba gemu gare ta ba, 'ya'ya uku gare ta. Babu wanda ya saurare ni. Na rufe kekenta da tsohon zanin gado, na bar shi inda yake. Sau biyu na ɗauki tela ya zauna a kansa, sau biyu na sallama, don ba na iya kallon wani a wurin.

"To, na jawo miki," na ce. "Yanzu me kike so?"

"Idonki nake so. Ke da kike hango ɗinkin da ya karkace tun daga bakin ƙofa. Ki zauna ki kalle ni, duk abin da kika gani ki faɗa, ko da zagi ne. Ke kika sa mini halin nan, ke za ki cire shi."

Haka muka fara, kullum bayan la'asar, a cikin shago. Mutum-mutumin da muke rataya wa riga ba shi da ƙafa, don haka Inna ce ta zama marar lafiya. Mukan shimfiɗa mata bargo a kan teburin yanka, ta miƙe, in zana mata ciwo da jan alli a ƙwauri. Auta ta jera kayanta a tire: auduga, hantsaki, almakashi, bandeji, filasta. Ta yi mini bayani tun ranar farko, sau uku, kamar tana magana da kurma. Duk abin da ke cikin tiren nan tsaftatacce ne, in ya taɓa wani abu daban, ko rigarta, ko gefen gado, ko fuskarta, ya lalace, sai a canza. Na riƙe waya ina duba minti, na aje sandar awo kusa da ni don tsohon sabo.

Satin farko abin dariya ne, in ba a kanka yake ba. Hannu ya doshi baki, in buga tebur. Ta ga zaren auduga a kan ƙafar Inna, ta tara kumatu za ta hure, in buga tebur. Hantsaki ya faɗi ƙasa, kafin ya gama ƙara ta riga ta sunkuya ta tsince shi.

"Auta!"

"Na sani! Na sani, Yaya, hannun ne ba ya jin magana."

"Ku dai yi ku gama," in ji Inna daga kan tebur. "Ciwon gaske bai sha wanki haka ba. Ƙafar nan ta kusa yin fari."

Duk kuskuren da na kama sai ta rubuta shi a jikin kwali, ta kafa a bango kusa da kalandar shago. Baki. Huri. Tsintuwa. Gyara ɗankwali. Sosa hanci. Na ɗinka mata takunkumi mai igiya huɗu da ake ƙullewa a ƙeya, wanda ɗan yatsa ba ya iya saukewa. Mijinta ya leƙo wata rana ya ce me zai hana a manna mata filastan a baki gaba ɗaya, kowa ya huta. Ta jefe shi da naɗin bandeji.

Ban taɓa ganin mutum ya rasa sukuni kamar Auta a kwanakin nan ba. Ba ta iya zama minti biyar. Ta miƙe, ta je famfo, ta wanke hannu tun daga yatsu har gwiwar hannu, ta dawo da hannaye sama kamar wadda 'yan fashi suka tare, ta tura ƙofa da kafaɗa. Bayan hannunta ya bushe ya tsage saboda sabulu. Tana cikin magana da kai sai ka ga leɓenta yana motsi, tana bitar matakan a zuci. Kayan aji biyu kuwa ta riga ta haɗa su tun kafin ta faɗi: farin takalmi, ƙaramin agogon da ake maƙalawa a ƙirji, abin sauraron bugun zuciya, da littattafai uku masu nauyin bulo. Ta ɗaure su a jaka ta tura ƙarƙashin gadon Inna, ta ce kada wanda ya buɗe, ita ma ba za ta buɗe ba. Amma kullum sai ta je ta janyo jakar, ta taɓa, ta mayar. 'Yan ajinsu, yara sa'annin 'yata, suna ta kiranta a waya suna cewa an fara raba ɗakuna, wance an kai ta wajen masu haihuwa, wance wajen yara. Ta yi musu murna da babbar murya, in ta kashe wayar ta tafi famfo.

Ni ma ba hutu nake yi ba. Lokacin ɗinkin yunifom ne, makarantu sun kusa komawa, yadi ya taru a shagon har ba wurin aje ƙafa. A rana ta goma sha biyu Auta ta zo da wuri, ta tarar ina fama da wuyan riguna, ina ɗinkawa ina farkewa. Ta yaye zanin gadon nan, ta zauna, ta zura zare, ta jawo tarin gabanta. Awa ɗaya ta yi wuya goma sha biyu, kowanne a zaune daram. Kekuna biyu suna ƙara tare, muna gulmar matar nan da ke kawo yadi gaba uku ta ce a fitar mata da riga da siket da ɗankwali har da ragowa. Na yi dariya har na share hawaye. Shekara guda rabon da shagon ya yi wannan ƙarar.

Da la'asar ta yi Inna ta hau tebur, muka fara. Auta ta wanke ciwon daga tsakiya zuwa waje, kowace auduga sau ɗaya ta yar. Hannu bai je baki ba. Ba ta hura ba. Ta kai hannu tire ta ɗauko almakashi za ta yanka bandeji, sai ta goge shi a cinyarta, gaba da baya, shaf shaf, ta yanka. Ko ƙiftawar ido bai kai ba. Inna tana kallon silin, ita kanta Auta idonta yana kan bandejin.

Na buɗe baki. Na ɗaga hannu zan buga tebur. Sai idona ya faɗa kan wuyan rigunan nan goma sha biyu, da kekenta a buɗe, zare yana reto daga allura.

"Nawa?" ta ce, tana haki a cikin takunkumi.

"Minti goma sha uku."

"Kuskure fa?"

"Babu."

Ta yi tsalle ta rungume Inna da safar hannun da komai.

Washegari ta sake gogewa. Wanshekare ma haka. Wataƙila tun farko tana yi ban lura ba, don abin da mutum yake yi sau ɗari a wuni ba ya ganinsa a hannun wani. Amma yanzu na gani, kuma kullum sai na gani. Na yi ta kawo wa kaina uzuri. Na ce ni ba nas ba ce, ina na san abin da suke hanawa. Na ce ai rigar a wanke take. Na ce gobe zan faɗa, yau ta gaji. Ƙarya nake yi, kuma na san ƙarya nake yi. So nake ta faɗi. Ba don ina ƙinta ba, Allah ya sani. So nake ta faɗi, ta yi kukanta sati ɗaya, in rarrashe ta, ta dawo ta zauna a gabana kamar da. Shekarata arba'in da shida, mijina ya rasu, 'yata ta yi aure, wunin duniya ni da keke muke hira, kuma keke ba ya mayar da magana.

Daga nan rashin sukunin ya dawo kaina. Na ɗinka aljihu a kife. Na yanka hannun hagu sau biyu a riga ɗaya. Na yi wa mai kawo mana zare masifa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har ya tsaya ya ce, "Hajiya, lafiya kuwa?" Duk lokacin da na ɗauki almakashina na goge a cinya sai in tuna da Auta. Inna ta dube ni wata rana bayan Auta ta tafi, ta ce, "Ke kuma me ya same ki? Ita ke da jarrabawa, ke kike ramewa." Na ce aiki ne. Ta ce to, labarin zuciya a tambayi fuska, ta nemi takalminta.

Ita kuwa Auta sai ta fara samun natsuwa. Ta cire kwalin daga bango ta ce ya gama aikinsa. Ta sayo man shafawa don hannunta. Ranar jajibiri ta yi minti goma sha biyu, ta cire takunkumi ta ce, "Yaya, ban san da bakin da zan gode miki ba." Na ce ta bar bakin ya huta, shi ya jawo mana wannan.

Ranar Litinin da safe ta ce sai na raka ta. A cikin motar haya na shirya maganar tsaf, kalma huɗu ce kawai: kada ki goge almakashi. Na ce in mun wuce gada zan faɗa. Muka wuce gada. Na ce in mun sauka. Muka sauka. Sai wani tunanin ya zo, in na faɗa yanzu zan rikita ta, kuma za ta tambaye ni yaushe na gani. A bakin ɗakin jarrabawar, su biyar ne masu maimaitawa, ta juyo tana gyara farar rigarta.

"Akwai abin da ya rage, Yaya?"

"Ki yi bismilla kawai."

Ita ce ta uku. Na zauna a benci a barandar, na miƙe, na sake zama. Ta farko ta fito bayan minti goma sha biyar tana murmushi. Na biyu ya fito yana goge gumi. Aka kira Auta, ƙofa ta rufe. A lokacin ne, da ƙofar ta riga ta rufe, na ga abin da na yi ƙarara. Ba aji biyu kaɗai na hana ta ba. In ma Mai Agogo ba ta gani ba, to wata rana ƙafar mutum ce ta gaske, ta uwar wani, kuma almakashin da na bari ne zai taɓa ta. Na tashi na je ƙofar, na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa. Mai gadin barandar ya ce, "Hajiya, ba a shiga." Na koma. Na ƙirga tagogin ginin da ke gabana, na je famfo na sha ruwan da ba na ƙishinsa. Minti goma sha biyar ya wuce. Ashirin. Na tabbata tana ciki tana roƙo, ita da ba ta iya roƙo ba.

Da ta fito ba ta yi murmushi ba, ba ta yi kuka ba. Ta zo ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ta aje hannayenta a gwiwa.

"Ya aka yi?" na ce. "Auta, yi magana."

"Na goge almakashi a cinya."

Na sunkuyar da kai, ta ci gaba.

"Rigar makaranta da kauri, ba kamar zanin gida ba. Ƙara na ji, shaf shaf. Na ce wannan ƙarar ta shago ce, me ya kawo ta nan? Na duba, ga almakashi a hannuna. Na ɗago, Malama ta sunkuya tana rubutu, ba ta gani ba. Saura minti huɗu." Ta dubi hannunta. "Wallahi Yaya na so in ci gaba. Hannuna har ya kai kan bandejin. Sai na ce, Malama, na lalata almakashi, a ba ni wani. Ta ɗago ta ce ita ba ta ga komai ba. Na ce ni na gani. Kafin a kawo sabo, in cire safa, in sake wanke hannu, lokaci ya ƙare. Ta kife agogon a kan tebur ta ce in gama."

"Sai me?"

"Sai ta sa hannu. Ta ce ranar Laraba in je ɗakin masu karaya, ƙarfe bakwai."

Na ce alhamdulillahi, kuma da gaske nake. Na matsa zan riƙe ta. Ba ta matso ba. Tana kallon cinyarta, wurin da rigar ta ɗan yamutse.

"Abin da nake ta tunani tun a ciki," ta ce a hankali, "hannu ba ya koyon sabon abu ranar jarrabawa. In na yi yau, to kullum ina yi. Sati uku kina zaune a gabana, Yaya. Sosa hanci ma kin kama. Wannan ne ba ki gani ba?"

Da na ce ban gani ba, da ta yarda, don tana so ta yarda. Na ga hakan a fuskarta.

"Na gani," na ce.

"Tun yaushe?"

"Kwana tara."

Ta gyaɗa kai. Ba ta tambaye ni dalili ba, kuma hakan ya fi mini ciwo, don ya nuna ta sani. Ta miƙe, ta kakkaɓe rigarta, ta ce za ta je ofis ta karɓi takardar aji biyu. Na bi ta da ido har ta sha kwana a ƙarshen barandar. Ba ta ce in jira ta ba. Na jira.